Yadda Na Kai Mama Tabita Kwatano

Tun da uwata ta haife ni, idona bai taɓa yin kuskuren kala ba. Ba ni na faɗa ba, Kafanchan ce ta faɗa, daga tashar jirgi har bayan kasuwa. Mace ta gifta ƙofar shagona sau ɗaya, bayan shekara uku ka tambaye ni, zan gaya maka kalar ɗankwalinta har da gefen da ya fara koɗewa. Masu sayen citta na Kachia sun taɓa roƙona in ba su hayar idon nan ranar kasuwa, na ce a'a, kayan aiki ne, ba a ba da aro. Sunana Danladi, amma in ka ce Danladi kawai za a nuna maka mutum goma sha biyu. Ka ce Danladi Mai Hoto.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne masu zaman benci a ƙofar shagona sun hana ni sakat. Kullum sai wani ya ce, "Oga Danladi, ba mu labarin Kwatano." In na fara, wani ya ce ba haka na faɗa bara ba. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Tafiyar ta faro ne daga falon Baba Hedimasta Yohanna, mutumin da ya koya wa rabin garin nan karatu, ya zane sauran rabin. Ni ina cikin kashi biyun. Matarsa, Mama Tabita, ita ta shugabanci zumuntar matan cocinmu shekara da shekaru. Asalinta 'yar cocin ƙetaren layin dogo ce, aure ya kawo ta wajenmu, danginta kuma ba su taɓa yafe mana ba. Duk Kirsimeti sai ƙanwarta, Anti Rifkatu, ta aiko mata da zanin zumuntarsu, kore shar. Mama ta yi godiya, ta yanka shi ta ɗinka labulen kicin. Zanin zumuntarmu shuɗi ne. Baƙo zai ce zani ai zani ne. A wajenmu kuwa, kafin mace ta buɗe baki a wurin biki ko jana'iza, zaninta ya riga ya faɗi inda take sujada, da waƙar da za ta tayar, da gefen rumfar da za ta zauna.

Hotonta mai kala guda ɗaya ne tak a duniya, ni na ɗauke shi wajen ƙarshen shekarun tamanin, zamanin da jirgin ƙasa yake shigowa garin nan a kan kari har mata suna ɗora tukunya da kukansa. Tana tsaye cikin shuɗin zaninta, littafin waƙa a hannu, da murmushin nan nata na wadda ta kama ka kana surutu a cikin sujada amma ta ga dama ta ƙyale ka. Nagatif ɗin, gara ta yi buki da shi a shagona. Hoton kuma ya shekara goma a bangon falo yana shan rana ta taga, daga baya rufi ya yi yoyo a kansa. Da Mama ta rasu, matan zumunta suka ce ranar da za ta cika shekara za su rataye babban hotonta a ɗakin taronsu. Da aka sauko da shi, zanin ya koɗe ya koma kalar toka, ga tabon ruwa ya ratsa kafaɗarta har ƙirji.

A lokacin dillalan mota masu zuwa Kwatano sun cika mini kunne da labarin wata na'ura wai kwamfuta, mai gyara hoto. Ɗayansu ma ya nuna mini hotonsa yana jingine da jirgin sama, mutumin da ko tsani ba ya iya hawa. Sai na je na gaya wa Baba Hedimasta cewa in ya ba ni hoton, zan dawo masa da Mama sabuwa ful.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Danladi, ka san ba ni da wani."

"Na sani, Sa."

"Ban ce ka mayar mini da ita budurwa ba. Yadda take nake so. Fuskarta, da zaninta."

"Sa, idona ne zai tsaya a kan aikin. Ka kwanta ka yi barci."

"A aji huɗu ma haka ka ce mini a kan lissafi," in ji shi. Amma ya tashi da kansa, ya sa hoton a tsakanin bangon tsohuwar rajista, ya ɗaure da zare, ya miƙo mini da hannu biyu. Saura kwana goma taron. Daga baya ne na ji ashe akwai irin na'urar a Jos, nan kusa da mu. Ko da na ji tun farko ba na jin zan fasa, don na riga na shaida wa duk gari cewa za ni ƙasar waje.

Abokin tafiyata Buba ne, Bafulatanin da rugarsu take bayan Madakiya. Tare muka yi wasan ƙasa, uwarsa tana kawo nono gidanmu, har yau kuma bai daina kirana Kaɗo ba. Ya yanke shawarar sayen akori-kura don ɗaukar nono da citta, dillalai suka ce Kwatano ake samun mai lafiya. Ranar tafiya na same shi a bakin titi da sandarsa da butarsa da goran fura, kamar mai zuwa kiwo bayan dutse.

"Buba, ƙasar waje fa za mu. Ina jakarka?"

"Kaɗo, can ɗin ba ƙasa ba ce? Ba mutane a kai?"

Ni kuwa kwat na saka, da Mama Tabita a cikin singileti, daidai ƙirji. Damina ce. Muka shiga mota, kafin mu kai Kachia ruwa ya sauko, gilashin gefena kuma ya ƙi rufuwa, sai da direba ya miƙo mini abin murɗawa guda ɗaya da duk motar take aro. Na duƙunƙune a kan hoton kamar kaza a kan ƙwai, wata mata a bayana tana tambaya ko ciwon ciki ne, tana da jar kanwa. A Kachia muka ci doya da ƙwai, iska duk ƙanshin citta, har shayin ma ba ya bukatar a sa masa. Wajen Kajuru mota ta mutu, muka sauka muka tura, ni da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da Mama.

Daga Kaduna muka shiga doguwar bas ta Legas. A cikinta aka yi mana wa'azi sau biyu, aka sayar mana da magani ɗaya mai warkar da cuta goma sha tara, ciki har da mantuwa da mugun mafarki. Da muka wuce gadar Jebba, gari ya waye sosai, na hango garken shanu, na ce wa Buba ya dubi jan san can.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wannan ne ja? Ku dai kala uku kuka sani." Ya lissafo mini sunan kalar shanu da Fulatanci har na daina ƙirgawa. Sannan ya ce, "Kuma ni ba na yanke wa saniya kala daga nesa, ko a inuwa. Dillali yana son ya tsayar maka da ita a gindin bishiya. Ni sai na ja ta rana tukuna."

Na ce masa ni idona da ranarsa yake yawo. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ba ta tsaya na gan ta ba. Kowa gudu yake. Buba ya tambaye ni ko rasuwa aka yi musu. Na gai da mutum huɗu, ɗaya ne ya amsa, shi ma ashe takalmina ya taka yake zagina. A tasha aka kawo mana amala, na ce ni masanin kala ba zan ci tuwon da ya yi wannan baƙin ran ba. Malmala uku na ci.

A bakin iyaka wani jami'i ya lura da yadda nake dafe ƙirji, ya kira ni gefe. Ya ɗauka wani abin kirki na ɓoye. Na kwance kwat, na ɗaga singileti a gaban jama'a, na warware zaren Baba Hedimasta. Mutumin yana taunar cingam, ya leƙa, suka haɗa ido da Mama Tabita. Allah ya sani, sai na ga ya daina tauna, ya gyara tsayuwa. Ya ce ta yi kama da matar da take koya musu ayar haddacewa suna yara. Ya ce in rufe ta da kyau kada ta sha iska, mu wuce.

Muna taka ɗaya gefen, turancina ya mutu. Kalma ɗaya na haddace ta Faransanci, bonju, na kashe ta a minti biyar na farko. Buba kuwa bai yi taku ashirin ba ya ji wani yana magana da Fulatanci, suka rungume juna kamar tare suka yi kiwo. Ni da na gama aji bakwai na zama kurma, wanda bai taɓa zama a aji ba ya zama tafintana.

A unguwar Zango muka sauka, gidan wani dattijo, Alhaji Mai Masauki, wanda kakansa ya zo fataucin goro ya manta hanyar gida. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, sai dai kowace jimla da ɗan Faransanci a wutsiyarta. Na gaya masa ni ɗan Kafanchan ne, kuma Kirista, don kada a yi ta jirana a sahu.

"Ɗana, a nan duk wanda ya iya cewa sannu ɗan gida ne," in ji shi. "Ga tabarma, ga guga. Cocinku kuma yana bayan gidan mai, in Lahadi ta same ka."

Ban manta wannan dattijon ba. Da safe aka kawo mana burodi dogo, tsawonsa ɗaya da sandar Buba, taurinsa ma haka. Buba ya juya shi ya ce da wannan zai iya kai shanu rafi ya dawo. Shayinsu a kwano ake sha, kamar kunu. Da rana akwai wani farin tuwo mai tsami da kifi da barkonon da yake sa mutum ya tuna zunubansa. 'Yan acaɓarsu duk rawayar riga suke sakawa, mata kuma da kansu suke tuƙa babur, jaka a kafaɗa, ba mai juyowa ya kalle su sai ni. Fetur a kwalba ake sayarwa a kowace kwana, na dube shi na gane namu ne, wanda muke kwana biyu a layi ba mu samu ba. Muka gaisa. Kwana huɗu ba a ɗauke wuta ba, har na fara tausayin masu sayar da kyandir. Abin da ya fi ba ni mamaki, rana tana take tsaka sai kowa ya ja ƙofar shago ya tafi gida ya kwanta, ko da mai saye yana tsaye. A Kafanchan in ka yi haka, kafin la'asar an zo yi wa matarka gaisuwa.

Rana ta uku Alhaji ya raka mu wani shagon hoto mai kwamfuta. Mai shagon mace ce, Madam Selestin, mai kamar shekara arba'in, da tabarau a rataye a wuya. Ta zauna a Legas, don haka muna fahimtar juna da turancin kasuwa. Kafin mu zauna na riga na gaya mata ko ni wane ne, da tarihin idona, har da maganar masu citta. Ta ce to.

Ta kwantar da hoton a kan wani gilashi kamar na fotokwafi, haske ya bi ta ƙarƙashinsa a hankali. Sai ga Mama Tabita tana saukowa a fuskar wata 'yar talabijin, layi bayan layi, ɗankwali, goshi, ido. Ban san lokacin da na miƙe na cire hula ba.

Da na matsa kusa sai na ga ɓarna. Fuskar Mama duk ɗigo-ɗigo, kamar mai ƙyanda.

"Madam! Me kika zuba mata? Ba haka na kawo ta ba!"

Ta ce in kwantar da hankali. Talabijin ɗinta mai kyau ta ƙone satin da ya wuce, wannan tsohuwa ce ta aro. Kala kaɗan ta sani, in ta rasa wadda ake nema sai ta yayyafa ɗigon wasu ta haɗa. Hoton da yake cikin na'urar lafiyarsa ƙalau, gilashin ne ba ya iya faɗin gaskiya duka. Na ce to, na zauna, amma ban saki jiki ba.

Can na lura bakin littafin waƙar da gefen ɗankwalin sun yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Na sake miƙewa. Madam ta danna wani abu, hoton ya matso, haƙoran suka ɓace, layi ya miƙe sumul. Ta ce in aka ƙanƙance hoto don ya shiga gilashin, na'urar tana tsallake wasu wurare, shi ne yake zama haka, amma a takarda ba zai fito ba. Sai ta ƙara dannawa don ta nuna mini, ta ƙara, ta ƙara. Idon Mama ya cika gilashin, ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai kamar allon dara.

"Subhanallahi!" in ji Buba, ya ja da baya da sandarsa.

Ni kuwa ihu na yi. "Kin fasa ta! Me zan gaya wa Hedimasta?"

Ta danna sau ɗaya, Mama ta dawo daidai, tana mini murmushin nan. Alhaji ya yi dariya har yana share hawaye da bakin rawani. Buba, da ya gama tsoratarsa, ya fi kowa dariya. "Kaɗo, ina ranar da take cikin idon?"

Sau biyu ke nan na sha ƙasa a gaban mutane. Na haɗiye. Na zuba ido Madam tana aiki, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Tana ɗebo wuri mai kyau tana shafawa a kan tabon ruwan, kaɗan-kaɗan, kamar mai yaɓen ɗaki, har kafaɗar Mama ta dawo. Ni da nake gyaran hoto da fensir da reza, sai na ji kamar in ɓoye hannuwana a aljihu.

Sai aka zo kan zani. Ta zagaye shi, ta yi 'yan taɓe-taɓenta tana duban wasu lambobi a kusurwa, ta ce ta gama. Na duba. Zanin ya fito wata kala kamar zoɓon da aka surka da ruwa.

Na ce a raina, yau ga ranata.

"Madam, nan kam kin shigo gonata. Wannan ba shuɗinmu ba ne."

"Misiye Danladi, shuɗi ne. Gilashin ne. Mai talabijin ɗin ya daɗe yana ajiye sifika a kanta, maganaɗisun ya ɓata ta, tana ƙara ja a kan komai. Shi ya sa ba na duban ta, lamba nake dubawa. Na auna da farin ɗankwalinta. Duba nan."

Ta ja Mama daga hagun gilashin zuwa dama. Zanin ya sauya kala a kan hanya, jan ya ragu. Ta mayar da ita, ya dawo.

Na gani. Yau da nake rubutu babu amfanin ƙarya, na gani da idon nan nawa. Amma bakina ya riga ya yi nisa, ga Alhaji yana kallo, ga Buba yana jiran dariya ta uku.

"Madam," na ce, "lamba ta taɓa zuwa taron zumunta? Zanin nan uwata ta ɗaura shi, matata tana ɗaura shi, a igiyar gidanmu ake shanya shi duk Litinin. Rage jan nan."

Ta rage.

"Ƙara ragewa."

"Misiye, zai yi yawa."

"Ni zan gaya miki in ya yi yawa."

Ta yi ta ragewa ina cewa ƙara, har zanin ya tsaya a gilashin daidai shuɗinmu, wanda in na rufe ido nake gani. Na buga tebur na ce nan. Fuskar kam ta ce ba za ta taɓa ba ko zan kwana ina magana. Ta ce bari ta buga ɗan ƙarami mu gani a takarda kafin babban. Na duba agogo, an kusa jan ƙofa a tafi barcin rana, na ce ba sai an gwada ba, gwaji na masu shakka ne.

Buba ya taɓa ni da sanda. "Kaɗo, ja ta rana."

"Wannan ba saniya ba ce," na ce masa.

Washegari da hantsi muka biyo karɓa. Buba ya samu akori-kurarsa, fara, yana zaune kusa da direban da zai kai mu gida, yana ta matsa masa ya danna ham don dillalan da za mu bi ayarinsu sun fara tafiya. Madam ta miƙo mini aikin a tsakanin kwali biyu, an liƙe da salatif ta ko'ina saboda ruwa. Ta ce in buɗe in duba a waje. Na ce na riga na gani jiya. Ta ɗaga kafaɗa irin tasu, ta matso za ta yi mini sallamarsu ta kumatu. Na goce, na miƙa hannu, na ce matata tana da 'yan rahoto har Kwatano.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, kwalin yana kan cinyata, Buba yana gaya wa duk wanda muka tsaya kusa da shi cewa motar tasa ce. Da muka fara ganin duwatsun gida, na ji wani daɗi da ban ji ba a duk ƙasar wajen.

Tun kafin in tafi na sa kafinta ya yi firam mai girman taga. Ranar Asabar da la'asar na ɗauke shi da kwalin na nufi gidan Baba Hedimasta. Falo cike da matan zumunta, shuɗi ta ko'ina, sun zo shirin gobe. Anti Rifkatu ita kaɗai ce cikin kore, tana zaune a bakin ƙofa kamar wadda aka ba aron kujera. Sai da na yi jawabi. Na ba su labarin iyaka, da burodi, da yadda na tsaya a kan wata Madam har sai da ta koyi kala. Sannan na sa reza na yanke salatif, na ɗaga kwalin sama, ina kallon fuskokinsu maimakon hoton.

Ba wadda ta yi motsi. Aka rasa mai cewa ko amin.

Sai guɗa ta tashi daga bakin ƙofa. Anti Rifkatu ce, ta miƙe tana rawa, hannu biyu a sama. "Yaya ta dawo gida! Na gode wa Ubangiji, Yaya ta dawo gida!"

Na juyo da hoton. Ga Mama Tabita, fuskarta kamar za ta yi magana, kafaɗa sumul, littafin waƙa a hannu, ba ɗigo ba haƙoran zarto. Tana sanye da zani kore. Ba kore mai shakka ba. Kore irin na labulen kicin ɗinta, wanda yake kaɗawa a bayana a daidai lokacin.

Sabuwar shugabar zumunta, Mama Laraba, ta ce, "Danladi, ɗana, wannan a wane ɗakin taro za mu rataye ta?"

Baba Hedimasta ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bai dube ni ba. Wannan ya fi mini bulalar aji huɗu zafi. Mutumin nan abu biyu ya roƙe ni, na zubar da ɗaya a kan taurin kai, taro kuma gobe ne.

Don in samu abin yi da hannuna, na girgiza kwalin in ciro masa tsohon hotonsa. Ya faɗo, wani ɗan kati ya biyo shi, bai fi tafin hannu ba. Mama Laraba ta ɗauka ta juya. Ashe Madam Selestin ta buga ƙaramin nan da na hana, irin nata na lamba, ta sa a ciki ba ta gaya mini ba.

Baba ya karɓa, ya mayar da tabarau, ya taka a hankali zuwa taga inda rana take shigowa. Ya daɗe a tsaye. Zanin shuɗi ne, namu, kamar yau aka sayo shi. Na ga babban yatsansa yana shafa gefen katin.

"Ita ce," in ji shi. Matan suka ɗauki waƙar da Mama ta fi so, ƙasa-ƙasa, har Anti Rifkatu ta daina rawa ta shiga amshi.

Ranar Lahadi aka rataye ɗan katin nan a tsakiyar firam ɗina mai girman taga, kamar kan sarki a jikin ambulan. Har yau yana nan. Duk mai son ganin Mama sai ya matso kusa sosai, matan kuma sun ce haka ya fi, dama ba ta son a gaishe ta daga nesa. Babban kuwa Anti Rifkatu ta naɗe shi tun ranar Asabar ta haye layin dogo da shi, yana falonta, duk baƙon da ya shiga sai ta nuna masa.

Bayan an tashi daga sujada ina ƙoƙarin sulalewa ta bayan coci, sai na ji muryar da ta tsayar da ni tun ina ɗan gajeren wando.

"Danladi."

"Sa."

Ya dafa kafaɗata, ya dube ni ta saman tabarau. "Shekara arba'in mutanen ƙetare suna roƙon matar nan ta koma cocinsu, da fastocinsu da dattawansu, ta ƙi. Kai kwana tara kawai na ba ka ita."